Fitsarin kwance ba ƙiwa ba ce

A gidaje da yawa a Jos, yaron da ya jiƙa shimfiɗa da bulala yake wayar gari, ko a tara yaran unguwa su bi shi da kiran amalala. Iyaye na ɗauka ƙiwar tashi ce, musamman cikin sanyin hunturu. Wannan kuskure ne babba.

Yaron yana cikin barci ne, bai san ya yi ba. Wani jikinsa na tara fitsari da yawa da dare, wani mafitsararsa ba ta riƙe mai yawa, wani kuma nauyin barci ke hana shi jin matsuwa. Ana gadon fitsarin kwance daga iyaye, kuma taurin bayan gida na ƙara shi, domin hanjin da ya cika yana danne mafitsara. Kafin shekara 5 likitoci ba sa ɗaukarsa matsala.

Duka da tozartawa tsoro suke dasawa. Yaro ya fara ɓoye zanin gado, ya ƙi kwana gidan kaka, ya daina sakewa da tsararsa.

A ba shi ruwa isasshe da rana, a rage awa 1 zuwa 2 kafin barci, kada a ba shi shayi ko lemon kwalba da yamma. Ya kama ruwa kafin ya kwanta, a shimfiɗa leda ƙarƙashin zani, a bar masa fitila da fo kusa.

In ya yi wata 6 bai yi ba sannan ya dawo, a tambaye shi a natse: tsangwama a makaranta, rikicin gida ko wani firgici na jawo haka. In da zafin fitsari, yawan ƙishirwa ko rama, a kai shi asibiti a gwada fitsari da sukari.