Hasashen annoba ta hanyar lissafi

Wani fanni ne na kiwon lafiyar jama'a da masana ke tattara alƙaluman masu ciwo da yanayin gari da zirga-zirgar mutane su zuba a kwamfuta, ta ba su kirdadon inda cuta za ta ɓulla da yadda za ta bazu, don gwamnati ta san inda za ta kai riga-kafi tun abu bai ƙazanta ba.

Tarihi

Galibi ana cewa Daniel Bernoulli ne ya fara, wajajen 1760, da lissafinsa kan agana. Sai Ronald Ross, wanda a 1897 ya gano ƙwayar maleriya a cikin sauro, ya nuna ba sai an kashe sauro kaf ba, in dai yawansa ya sauka ƙasa da wani mizani cutar za ta lafa da kanta. A 1927 Kermack da McKendrick suka kasa jama'a gida uku, masu iya kamuwa, masu ɗauke da cutar, da waɗanda suka warke ko suka rasu, har yau kuwa kan wannan ake gini.

Aikin Garki

Ba Garkin nan ta Abuja ba, da yawa na ruɗewa. Ta Jigawa ce, lokacin tana cikin jihar Kano. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka bi ƙauyukan yankin suna gwada jinin mutane suna ƙirga sauro, aka yi feshi a ɗakuna aka raba magani ga kowa, zazzaɓin maleriya ya ragu sosai amma bai yanke ba, da aka daina kuma ya dawo, ɗaya daga dalilan shi ne wani sauron bayan ya yi cizo waje yake hutawa inda feshin bai kai ba. Lissafin yaɗuwar maleriya da masana Dietz da Molineaux da Thomas suka fitar a 1974 daga nan ya fito, ya kuma sa garkuwar jiki a ciki.

A yau

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, a Abuja ke tattara alƙaluman sanƙarau da Lassa da kwalara daga jihohi.

Saɓani

A 2014 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce Ebola na iya kama mutum miliyan 1.4 in ba a ɗau mataki ba, ƙarshe sama da 28,000 aka ƙirga. Wasu sun ce zuzutawa ce, wasu sun ce gargaɗin ne ya sa aka tashi tsaye.