Tsakuwar Matsarmama

Tsakuwar matsarmama dunƙule ne mai tauri da ke tasowa a cikin matsarmama, wato 'yar jakar nan da ke maƙale a ƙarƙashin hanta ta ɓangaren dama, wadda wasu ke kira maɗaciya. Ba ta da alaƙa da tsakuwar da ake taunawa a shinkafa ko wake. A cikin jiki take haɗuwa, daga ruwan matsarmamar kansa. Wata ba ta wuce ƙwayar gero ba, wata kuwa takan kai ƙwan kaza.

Yadda take haɗuwa

Hanta na fitar da ruwan matsarmama sama da rabin lita a kullum, amma jakar ba ta ɗaukar fiye da mililita 50. Don haka sai ta tsotse ruwan, ta bar mai kauri, har sai an ci abinci mai maiƙo, ta matse ta tura shi hanji. A cikin ruwan akwai kolestarol, wani sinadari mai kama da kitse, wanda ba ya narkewa a ruwa shi kaɗai. Gishirin matsarmama da wani maiƙo da ake kira lesitin su ke riƙe shi a narke. Masu bincike biyu, Admirand da Small, sun nuna a 1968 cewa lamarin duk na ma'auni ne tsakanin waɗannan ukun: idan kolestarol ya fi ƙarfin masu riƙe shi, sai ya fara kwantawa, kamar sukarin da ya yi wa shayi yawa.

Sai dai yawan kolestarol kaɗai ba ya isa. Mutane da dama ruwan matsarmamarsu ya cika da shi, ba su taɓa yin tsakuwa ba. Sai an samu yauƙin da bangon jakar ke fitarwa ya kama 'yan ƙwayoyin da suka daskare ya tara su, sannan jakar ta yi kasala, ba ta juye abin da ke cikinta gaba ɗaya. Da farko laka ce ke taruwa, daga baya ta dunƙule. Girman yana tafiya a hankali, milimita 1 zuwa 2 a shekara. Irin wannan tsakuwa rawaya ce, kuma ita ce kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda ake gani a Turai da Amurka.

Akwai kuma baƙa, wadda tushenta bilirubin ne, sinadarin da ke fita idan ƙwayoyin jan jini suka mutu. Ƙwayar lafiyayye na yin kwana 120, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 kacal, don haka hanta ke cika matsarmama da bilirubin, ya haɗu da kalsiyam ya daskare. Nan ne batun ya shafi Najeriya kai tsaye, ƙasar da ta fi kowace haihuwar jarirai masu sikila. Yaro ɗan shekara 10 mai sikila zai iya yin tsakuwa, a kuma ɗauki ciwon cikinsa a matsayin tashin sikilar da aka saba. Nau'i na uku, mai ruwan ƙasa, yana biyo bayan ƙwayoyin cuta ko tsutsa a bututun matsarmama, an fi ganinsa a gabashin Asiya.

Abubuwan da ke jawo ta

Mata sun ninka maza wajen yin ta, musamman a shekarun haihuwa. Cikin sinadaran jikin mace, estirojin yana sa hanta ta ƙara zuba kolestarol, furojestaron kuma yana kashe wa jakar jiki, ga shi dukansu suna hauhawa lokacin juna biyu. Yawan haihuwa na ƙara haɗarin, haka ma wuce shekara 40, da ƙiba, da ciwon suga.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne, rama da gaggawa ma tana jawo ta. Mai sauke fiye da kilo 1.5 a mako jikinsa na kwaso kitse ya juye wa hanta, ga shi ba ya cin maiƙon da zai sa jakar ta matse. Ciwo ko tiyata a ƙarshen ƙaramin hanji, inda jiki ke sake tsotse gishirin matsarmama, yana rage gishirin. Allurar ceftriaxone, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ita ma kan tara laka, ko da yake takan washe bayan an daina.

Gado na da nasa kason. Cikin matan ƙabilar Pima ta jihar Arizona a Amurka, kusan kashi 70 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 30 suna da ita, alhali a Turai manya kashi 10 zuwa 15 ne.

Kusan kashi 80 cikin 100 na masu ita ba su san da zamanta ba, sai an yi hoton sikanin don wani dalili daban. Idan ta toshe bakin jakar ne ake jin ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, sau da yawa bayan cin abinci mai maiƙo, har ya harba kafaɗa. Idan ta gangara babban bututun matsarmama, ido kan yi shawara. Likitoci kan cire jakar ne gaba ɗaya, domin idan aka kwashe tsakuwar kawai wata za ta sake haɗuwa. Carl Langenbuch ne ya fara wannan tiyata a Berlin a 1882, tun daga 1985 kuma ake yin ta ta ƙananan huda da kyamara.