Jin ra'ayin ma'aikatan jami'a a asirce: tambayoyi da amsoshi

Wane irin bincike ne wannan?

Jerin tambayoyi ne da hukumar jami'a ke raba wa ma'aikatanta don ta san yadda suke ji da aikinsu: ko suna da kayan aiki, ko shugabanni na sauraronsu, ko suna ganin adalci wajen ƙarin girma. A jami'a kamar ta Abdou Moumouni a Yamai ko ta Djibo Hamani a Tawa, ma'aikata ba malamai kaɗai ba ne. Akwai sakatarori, akwai masu kula da ɗakin karatu da ɗakunan gwaje-gwaje, ga direbobi da masu gadi da masu shara. In aka tambayi malamai kawai, rabin labari aka ji.

Me ya sa sai a ɓoye? Ba a iya kiran taro kowa ya faɗi albarkacin bakinsa?

Ana iyawa, amma duk wanda ya taɓa zama irin wannan taro ya san yadda yake ƙarewa. Manya su yi magana, ƙanana su ce "haka ne, ranka ya daɗe", a yi addu'a a watse. Malamin da ke kan kwantiragi ba zai tashi gaban shugaban sashensa ya ce ana yi masa rashin adalci wajen rabon awannin koyarwa ba, don ya san baki shi ke yanka wuya. Ba tsoro kaɗai ba ne, har da kunya da girmama na gaba, waɗanda tarbiyyarmu ce. Sirri ne ke ba irin wannan mutum damar faɗin gaskiya ba tare da ya ci fuskar kowa ba.

In ba a rubuta suna ba, ai sirri ya samu ke nan?

A nan ne aka fi yin kuskure. Ɗauki sashen da ke da malamai tara, mace ɗaya ce a cikinsu. Takardar ta tambayi jinsi, ta tambayi sashe, ta tambayi shekarun aiki. Ko ba ta sa suna ba, kowa ya san amsar wacece. Shi ya sa masu wannan aiki ke kafa ƙa'ida tun farko: ba a fitar da sakamakon rukunin da bai kai mutum biyar ba, wasu ma sai goma. Ƙaramin sashe sai a haɗe shi da wani. Kuma duk tambayar da ba a buƙata game da mutum, kamar garinsu ko ƙabilarsa, a cire ta gaba ɗaya.

Sai gurbin nan na ƙarshe da ake cewa a rubuta abin da ke zuciya. Rubutun hannu na tona asiri, haka ma salon magana. Sakatariyar da ta shekara goma tana buga wasiƙun mutum za ta gane jimlarsa da kallo ɗaya. Don haka ba a miƙa wa shugabanni waɗannan amsoshi yadda suke. Sai an taƙaita su, an cire sunaye da duk wata alama.

Ta intanet ma akwai tarko. Google Forms, manhajar da ake shirya tambayoyi da ita a intanet, na da wurin da ke tattara adireshin imel na mai amsawa, in ba a kashe shi ba an gama. Kwamfutar ofis da mutum huɗu ke amfani da ita ba wurin cika irin wannan takarda ba ce.

Wa ya kamata ya riƙe amsoshin?

Ba ofishin shugaban jami'a ba, ba kuma ofishin da ke riƙe da fayil ɗin ma'aikata ba. Ko dai wani daga waje, ko ƙaramin kwamiti da ya haɗa da masanin ƙididdiga da wakilan ƙungiyoyin ƙwadago, irin su SNECS ta malaman jami'a da ta sauran ma'aikata. A faɗi sunayensu a fili kafin a fara. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, aka sabunta ta a 2022, kuma akwai hukumar HAPDP da ke sa ido a kai. Ya dace a nemi shawararta kafin a tattara komai.

Wanda ba ya karanta Faransanci fa?

Wannan ya fi damuna, domin su ne aka fi mantawa da su, kuma su ne suka fi buƙatar a ji su. A shirya tambayoyin da Hausa da Zabarmanci, a Tawa a ƙara da Buzanci in da buƙata. Mai gadin da ba ya karatu a samo masa wanda ba ɗan jami'ar ba ya karanta masa, su biyu kawai, ba mai kula da aikinsa ba. A sa takardar cikin ambulan, shi da hannunsa ya jefa cikin akwati mai kwaɗo, ba a ajiye akwatin bakin ƙofar ofishin wani babba ba.

Tambaya nawa ya isa?

Kaɗan. Sanannen ma'aunin jin ra'ayin ma'aikata na kamfanin Gallup na Amurka tambaya 12 ce kacal. Yawanci akan ba da zaɓi biyar, daga "ban yarda ba sam" zuwa "na yarda ƙwarai", tsarin da wani masani Ba'amurke, Rensis Likert, ya fito da shi a 1932. Abin da zai wuce minti goma sha biyar, mutane za su cika shi ne don a rabu da su.

Dole ne kowa ya amsa?

A'a. Kuma kada shugaban sashe ya bi mutane yana tambayar wa ya cika wa bai cika ba.

Bayan an gama sai me?

A dawo wa ma'aikata da sakamakon, mai daɗi da marar daɗi, cikin wata ɗaya ko biyu. Hukuma ta zaɓi abu biyu ko uku da ke hannunta, misali jinkirin takardun hutu ko rashin ruwan sha a wani gini, ta faɗi wanda zai gyara da ranar gamawa. Abin da ya fi ƙarfinta, kamar albashin da ke fitowa daga gwamnati, ta faɗa ƙarara cewa ba nata ba ne, ta kuma isar da shi ma'aikatar ilimi mai zurfi. Bayan shekara ɗaya ko biyu a sake yin tambayoyin nan ɗin dai, ba tare da an sauya su ba, don a iya gwada na bana da na baya.