Hatimin injiniya a kan zanen gida: tambayoyin masu gini a Maraɗi

Duk mai shirin ɗora bene a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo zai ci karo da maganar takardar injiniya, ko wajen neman izinin gini a ma'aikatar magajin gari, ko a bakin maso, wato magini. Ga abin da aka fi tambaya a kanta.

Na riga na biya an zana mini gida. Me injiniya zai ƙara?

Mai zane yana tsara inda falo zai zauna, inda taga za ta sha iska, yadda matan gida za su samu sutura daga idon baƙi. Injiniya kuwa nauyi yake lissafawa. Mita kubik 1 (tsawo, faɗi da tsayi duk mita 1) ta kankare da ƙarfe a ciki tana kai kilo 2,500. Ke nan dal, wato rufin kankare, mai kaurin santimita 15 a kan ɗaki mai mita 4 tsawo, 4 faɗi, ta kai tan 6 ita kaɗai. Ba a sa tankin ruwa mai lita 1,000 ba tukuna, wanda shi ma tan guda ne, balle buhunan geron da Alhaji zai jibge a sama bayan kaka. Wannan nauyi dole ya bi ta ginshiƙai ya sauka ƙasa lafiya, kuma hanyar saukarsa ita ce aikin injiniya.

Me ke cikin takardar?

Lissafin nauyi, da zanen da ya nuna girman kowane ginshiƙi da zurfin tushe, da lambar ƙarfen da za a sa da yawansa, sai suna da sa hannu da hatimi. A Nijar, kamar sauran ƙasashen da Faransa ta rena, an fi yin lissafin da ƙa'idojin BAEL, wato tsarin Faransa na lissafin kankare mai ƙarfe. In aka miƙo maka shafi ɗaya mai cewa gini ya yi daidai, babu zanen ƙarfe a bayansa, maso ba shi da abin da zai bi.

Izinin gini bai wadatar ba?

Izini yana duba takardar fili, da ko ka ci hanya, ko ka tare magudanar ruwa, ko ka shiga ƙarƙashin wayar wutar NIGELEC. Ba mai ba da izini ne zai tsaya a kan dal ɗinka ranar zuba kankare ba.

Maso na ya fi shekara 30 yana gini, babu nasa da ya taɓa faɗuwa. Yaro ɗan jami'a ne zai koya masa?

A nan ake yawan samun saɓani, kuma ni ban ga dalilin raina tsohon maso ba. Ya san hannun siminti, yana gane yashi mai datti da ido, abin da wanda ya fito daga jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo bara ba lalle ya iya ba. Amma gwanintarsa ta abin da ya saba ce. Ranar da mai gida ya ce a cire ginshiƙin tsakiya don falo ya buɗe ya kai mita 7, ko a yi shaguna a ƙasa da ɗakunan haya a sama, an fita daga sabo, an shiga lissafi.

Sannan ƙasar Maraɗi ba iri ɗaya ba ce. Asalin garin a kwarin Gulbi yake, ambaliyar 1945 ce ta sa aka hauro tudu. A tudun yashi ya fi yawa, wanda ruwa ke zaizaye shi daga ƙarƙashin tushe idan magudana ta lalace. Can gangare wajen gulbi kuwa akwai laka, mai kumbura da damina ta tsuke da rani, ta tsaga bango. Ga tsofaffin kududdufai da aka cike da shara aka yanka filaye a kansu. Tushen da ya zauna daram a wata unguwa yana iya nitsewa a wata. Daminar 2024, wadda ta rusa gidaje masu yawa a jihar Maraɗi, ta nuna wa kowa yadda ruwa ke fara cin gini daga gindi. Shi ya sa injiniyan kirki ba ya faɗin zurfin tushe sai ya ga rami, kuma a babban bene yakan ce a kai ƙasar ɗakin gwaji.

An ce akwai masu buga hatimi ba su ga filin ba, kuma ya fi araha.

Akwai su. Takardar za ta iya shigar da kai ofis ta fito da kai, amma ba ta ɗaukar ko kilo ɗaya na nauyin bene. Sa hannun injiniya yana nufin ya ɗauki alhakin abin da ya lissafa kuma ya gani. Wanda bai taka filin ba, ran da bango ya tsage cewa zai yi ba a bi zanensa ba, kuma da wuya ka iya ƙaryata shi. Tun farko ku rubuta yarjejeniya: sau nawa zai zo, a wane mataki, kuma kowane zuwa ya sa hannu a littafin wurin aiki.

To yaushe ya kamata ya zo?

Bayan an haƙa tushe, da kuma duk lokacin da aka gama ɗaurin ƙarfe, kafin a zuba kankare. Da zarar an zuba, komai ya ɓuya.

Ka tsaya kusa da shi ranar, za ka ƙaru. Zai ciro ɗan ma'auni daga aljihu ya matse sandar ƙarfe, domin ba duk abin da aka sayar da sunan lamba 12 ne yake cika milimita 12 ba. Bambancin 12 da 10 a ido ba komai ba ne, amma naman ƙarfen ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Zai auna tazarar zobban da suka ɗaure ginshiƙi. Zai leƙa ƙarƙashin ragar dal ya ga ko an ɗaga ta da ƴan guntayen kankare, don ƙarfe ya samu rufin santimita 2 zuwa 3. In ya kwanta a kan katako, tsatsa ce za ta cinye shi daga baya. Zai ƙirga buhunan siminti: an saba sa kilo 350 a kowace mita kubik ta kankare, wato buhu 7 masu kilo 50, ko na Malbaza ne ko wanda ya shigo ta Ɗan Isa. Kuma zai yi faɗa da leburan da ke ƙara ruwa don kwaɓi ya yi sauƙin ɗauka.

Sauran aikin na mai gida ne. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa, kuma a zafin watan Afrilu yana son ban-ruwa safe da yamma na aƙalla mako guda. Kada a bari mai hayar sandunan tokare dal ya zo ya kwashe tokaransa da wuri don wani aikin na jiransa.

Gidana ƙasa ne yanzu, nan gaba nake son ɗora bene.

Faɗa wa injiniya yau, ya lissafa tushe da ginshiƙai na hawa biyu, a bar kawunan ƙarfe a sama a rufe su da siminti kada su yi tsatsa. In kuwa gidan ya riga ya tsaya ba da wannan niyya ba, sai an tona gefen tushe an gani, an fasa ɗan wuri a ginshiƙi an ƙirga ƙarfe. Wani lokaci amsar ita ce a kafa sabbin ginshiƙai daga waje, wani lokaci kuma a haƙura da dal a yi rufin kwano.