Algus a binciken kimiyya

Algus a binciken kimiyya shi ne mai bincike ya ƙaga sakamakon da bai samu ba, ko ya murɗe wanda ya samu, ko ya haɗa abin jabu ya ce tono shi ya yi. Ya bambanta da kuskure. Mai kuskure bai san ya kauce ba, mai algus kuwa da gangan yake yi, tamkar mai zuba yashi a buhun gero. A 1830 masanin lissafin nan na Ingila, Charles Babbage, ya kasa wannan ɗabi'a gida huɗu: yaudarar da ake shiryawa don a kunyata masana, ƙagen abin da ba a gani ba, datse alƙaluman da suka yi nisa da saura, da zaɓar waɗanda suka dace da ra'ayin mutum a binne ragowar. Biyun ƙarshe sun fi wuyar kamawa, domin akwai gaskiya a gauraye da su.

Mutumin Piltdown

A watan Disamba na 1912 aka gabatar wa Ƙungiyar Masana Duwatsu ta Landan gutsattsarin ƙoƙon kai da rabin muƙamuƙi, aka ce daga wani ramin tsakuwa suka fito a Piltdown, cikin yankin Sussex na Ingila. Wanda ya kawo su lauya ne mai sha'awar kayan tarihi, Charles Dawson, kuma Arthur Smith Woodward na gidan tarihin Birtaniya ya tsaya masa. Ƙoƙon irin na mutum ne, muƙamuƙin irin na biri. Aka ce an samo halittar da ke tsakanin biyun, har aka raɗa mata suna da sunan Dawson.

Tun 1913 wani masanin ƙirar jiki, David Waterston, ya ce wannan kan mutum ne da haɓar biri aka haɗa. Ba a saurare shi ba. Dalilin yana da muhimmanci ga duk mai son fahimtar yadda algus ke daɗewa: a lokacin Jamus da Faransa sun riga sun tono ƙasusuwan mutanen da, Ingila ba ta da nata, sannan manyan masananta sun riga sun ƙudurta cewa girman ƙwaƙwalwa ne ya fara bayyana kafin sauran siffofin ɗan Adam. Ƙasusuwan sun faɗa musu abin da suke son ji. Ga shi kuma na ainihin suna kulle, galibin masu bincike kwafi kawai ake ba su su duba.

Afirka ce ta fi cutuwa. A 1924 aka samu ƙoƙon kan wani yaro a Taung, Afirka ta Kudu, Raymond Dart ya bayyana shi a 1925. Na gaske ne, amma ƙwaƙwalwarsa ƙarama ce, haƙoransa sun fi kusa da na mutum, wato kishiyar Piltdown ke nan. Aka yi shekaru fiye da ashirin ana wofintar da shi, kuma ƙashin jabu na cikin abin da aka auna shi da shi.

Asiri ya fara tonuwa a 1949, lokacin da Kenneth Oakley ya auna sinadarin fulorin da ƙashi ke tsotsa daga ƙasa a hankali, ya ga ƙasusuwan ba su tsufa yadda ake faɗa ba. A Nuwamban 1953 shi da Joseph Weiner da Wilfrid Le Gros Clark suka kammala aikin. Ƙoƙon na mutum ne da bai wuce ɗaruruwan shekaru ba, muƙamuƙin na goggon biri ne nau'in orangutan, an goge haƙoransa da magagari, an rine komai da sinadari don ya yi kalar tsufa. Sawun magagarin yana nan a jikin haƙoran tsawon shekara 41. Dawson ya mutu tun 1916, kuma binciken da aka buga a 2016 ya nuna hannu ɗaya ne ya yi aikin, mafi rinjayen zato nasa ne.

A ɗakin gwaji

A 1974, a cibiyar binciken ciwon daji ta Sloan Kettering da ke Amurka, William Summerlin ya ce ya dasa fatar baƙin ɓera a jikin fari ba tare da jikin ya ƙi ta ba. Alƙalamin tawada ya sa ya shafa baƙin, wani ma'aikacin ɗakin ya goge wurin, tawadar ta fita. A Koriya ta Kudu kuma Hwang Woo-suk ya buga rahotanni biyu a mujallar Science, a 2004 da 2005, kan kwafin ƙwayoyin halittar ɗan Adam. Ƙasarsa ta ɗauke shi gwarzo, sai a Janairun 2006 kwamitin Jami'ar Seoul ya tabbatar ƙage ne.

Wanda ya fi kowanne muni, a ma'aunin rayukan yara, shi ne na wani likitan Birtaniya, Andrew Wakefield. A 1998 ya buga a mujallar The Lancet wani rahoto kan yara 12, yana nuna cewa allurar rigakafin ƙyanda da hangum da rubela tana da alaƙa da otizim, larurar da ke taɓa magana da mu'amalar yaro. Ɗan jarida Brian Deer ya gano cewa lauyan da ke shirin kai ƙarar masu yin allurar yana biyan Wakefield kuɗi, kuma bayanan yaran ba su dace da na asibiti ba. Mujallar ta janye rahoton a Fabrairun 2010, aka soke lasisinsa na likita a watan Mayu. Kafin nan iyaye da yawa sun guje wa allurar, ƙyanda ta sake samun gindin zama a Ingila a 2008. Duk wanda ya tuna yadda jita-jita ta tsayar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa a 2003 ya san cewa tsoro kan riga gyara isa gidajen mutane.

Tantancewa

Ga ɗalibin ilimi a Sakkwato wannan matsala ba baƙuwa ba ce. A zaurukan karatu ana koyar da cewa an taɓa ƙaga hadisai, kuma malamai suka kafa ilimin isnadi da na sanin maruwaita: wa ya faɗa, daga wa ya ji, sun taɓa haɗuwa, an san shi da gaskiya? Kimiyya tana da nata tambayoyin masu kama da waɗannan. Kafin a buga rahoto wasu masana kan duba shi, amma wannan tacewar kuskure ta fi kamawa, domin tana ɗaukar marubuci a kan mai gaskiya. Abin da ya fi tona algus shi ne wani ya sake gwajin ya kasa samun sakamakon, ko abokin aiki ya yi magana, ko a bar baƙo ya taɓa kayan da hannunsa.

Ƙasar Sakkwato kanta tana da ƙasusuwan da suka tsallake irin wannan gwaji. Teku ya taɓa rufe wannan yanki a zamanin da, kuma daga duwatsun Dukamaje aka tono wani ƙaton dabban ruwa mai kama da ƙadangare. An fara bayyana ƙasusuwansa a 1930 da wani suna dabam, sai masana daga Italiya suka samo ƙarin sassa, suka sake aunawa, a 1972 suka canza masa suna zuwa Goronyosaurus, da sunan garin Goronyo.