Waiwaye: Jamnalal Bajaj da ƙofar da ya buɗe a 1928

Tun da Indiya ta kafa dokar kamfanoni ta 2013, wadda ta wajabta wa manyan kamfanoni kashe kashi 2 cikin ɗari na ribarsu kan ayyukan jin ƙai, ake ta ja-in-ja: kyautar attajiri tana sauya rayuwar talaka, ko gine-gine kawai take bari? Wannan tambaya ta girme wa dokar nesa ba kusa ba.

An haifi Jamnalal Bajaj a 1889 kusa da Sikar, a Rajasthan, cikin Marwari, fataken da suka bazu suka riƙe kasuwannin Indiya. Wani attajirin garin Wardha mai suna Seth Bachhraj ya ɗauke shi riƙo yana yaro, ya gaji cinikin auduga. Ya mayar wa Turawa sarautar Rai Bahadur, ya zama ma'ajin jam'iyyar Congress mai fafutukar 'yancin kan Indiya, Gandhi ya kira shi ɗansa na biyar. Zuri'arsa ce ta kafa kamfanin babura da adaidaita sahun da muke hawa. Ya rasu a 1942.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne 1928. A shekarar ya buɗe haikalin Lakshminarayan, wurin ibadar Hindu na gidansu a Wardha, ga Dalit, mutanen da al'ada ta ce ko taɓa su ƙazanta ne. Rijiyoyinsa ma ya bar su su ɗebi ruwa. A lura da lokacin: sai 1932 Gandhi ya yi azuminsa kan batun, sai 1936 masarautar Travancore ta kudancin Indiya ta buɗe musu haikalanta, sai 1950 tsarin mulki ya haramta wannan wariya.

Buɗe ƙofar bai ci masa kuɗin kirki ba, amma ya fi gina makaranta nauyi. Kasuwancin Marwari kan amana da dangantaka yake tafiya: bashi da baki, auratayya tsakanin gidaje. Wanda ya karya al'adar tsarki ya sa mutuncinsa cikin 'yan'uwa a kasada, kuma mutuncin nan shi ne jarinsa. Attajirai da yawa sun gina masaukai da asibitoci, aka yaba musu, domin hakan bai taɓa matsayin kowa ba.

Har yau akwai ƙauyukan Indiya da ake rigima kan shigar Dalit haikali da ɗiban ruwa a rijiya ɗaya, alhali doka tana nan, kuɗin jin ƙai kuma ya ƙaru.