Aikin mahaifa da mafitsara: wa ke ba da izini, kuma yaushe ake cewa an yi sakaci?

Yawan haihuwa da doguwar naƙuda sukan sa naman da ke tallafe da mahaifa da mafitsara a ƙasan mara ya saki. Sai mahaifa ta zazzago, ko fitsari ya riƙa kufcewa in an yi tari. A nan Zariya akan tura irin waɗannan mata asibitin koyarwa na Shika, masu yoyon fitsari kuma asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan.

Tambaya: Maigida ya sa hannu a takardar yarda da aikin tiyata, ba shi ke nan ba?

Amsa: A'a. Shawara da miji abu ne mai kyau, amma matar da ta mallaki hankalinta, yardarta ake nema, don ita za ta kwanta a yanka. Sashe na 23 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ce a sanar da majiyyaci ciwonsa, da hanyoyin magani, da amfani da haɗari da kuɗin kowanne, da damarsa ta ƙin yarda, cikin harshen da yake ji. Tun a 2001 Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan dama ta ƙin magani a shari'ar Dakta Okonkwo. Abin da ke ci mini rai shi ne a miƙo takardar Turanci da safiyar aiki, mace ta riga ta sa rigar tiyata, gabanta na faɗuwa, a ce "Hajiya, dangwala nan." Yatsa ya hau takarda, amma ba ta san abin da ta yarda da shi ba.

Tambaya: To me ya kamata a gaya mata?

Amsa: Kafin komai, za a cire mahaifar ko za a bar ta? Matar da ke da sauran burin haihuwa dole ta ji wannan tun tana asibitin ganin likita, kada ta farfaɗo ta tarar an cire. A gaya mata akwai zoben roba da ake sakawa ya tokare mahaifa ba tare da yanka ba, akwai kuma atisayen matse naman. A faɗa mata wuƙa tana iya taɓa mafitsara ko bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda, matsalar tana iya dawowa, kuma wasu kan ji zafi wajen kwanciyar aure bayan aiki. Wannan na ƙarshe kunya kan sa likita da majiyyaciya duk su yi shiru a kansa, alhali shi ke girgiza aure. A 2015, a shari'ar Montgomery, Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce duk haɗarin da majiyyaci zai ɗauka da muhimmanci sai an faɗa masa. Hukuncin bai ɗaure kotunanmu ba, amma lauyoyi suna kafa hujja da irinsa.

Tambaya: Ragar da ake ɗinkawa a ciki fa?

Amsa: Wannan raga ta roba, da ake ɗinkawa don ta tallafe mahaifa ko mafitsara, ta jawo wa mata da yawa ciwo mai tsanani. Ingila ta dakatar da saka ta ta gaban mace a 2018, Amurka kuma ta hana sayar da wadda ake sakawa ta nan don zazzagowar mahaifa a 2019. In likita ya ambace ta, a tambaye shi wace iri ce, ta ina za a saka.

Tambaya: Yoyo ya biyo bayan aiki. Sakaci ne?

Amsa: Ba lallai ba, gwani ma yakan gamu da tangarɗa. Sakaci shi ne likita ya gaza yin abin da ƙwararre irinsa zai yi, har ya cutar: a manta audugar aiki a ciki, ko mace ta kwana uku tana cewa tana jiƙewa babu mai duba ta. Ɓoye mata haɗari kuma laifi ne mai zaman kansa, ko da hannun likita bai kuskure ba.

Tambaya: Ba ƙaddara ba ce? Ina za a kai kuka?

Amsa: Yarda da ƙaddara bai hana bin haƙƙi ba. Hadisi ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi magani alhali ba a san shi da sanin magani ba. A fara neman gyaran lafiyarta, a adana kati da rasit da sakamakon hoto, a rubuta wa shugabannin asibitin. Hukumar MDCN, mai kula da aikin likitoci a Nijeriya, tana karɓar ƙorafi a kan likita da takardar rantsuwa, amma ladabtarwa take yi, diyya sai kotu. A ga lauya da wuri, domin shigar da ƙara yana da wa'adi.